HANKALI KYAUTAR ALLAH NE: GIRMANSA, CIWONSA DA JINYARSA



A shekarar da Ikkilisiya take bin Bisharar Luka, takan karanta mana a ranar Idin Iyali Mai Tsarki labarin Yesu yana ɗan shekara 12, lokacin da ya tsaya a Haikali, Maryamu da Yusufu suka yi ta nemansa har kwana uku. Mai bishara ya rufe labarin da sanar da mu cewa yaron ya koma Nazarat tare da iyayensa, ya yi zaman biyayya, hikimarsa tana ƙaruwa kamar yadda jikinsa yake ƙaruwa (Luka 2:41-52). Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba ta 472, ya bayyana mana ma'anar wannan. Da Ɗan Allah ya ɗauki jikinmu, ya ɗauki hankali irin namu, wanda dole ya yi tambaya, ya koya, ya san abubuwan da ba a saninsu sai ta zaman duniya. Wato akwai ranar da Mai Cetonmu ya koyi kiran sunan uwarsa, akwai kuma ranar da ya koyi riƙon gizago a hannun Yusufu.

Harshenmu ya riga ya yi mana wa'azi a kan wannan. Kalmar da muke kiran tunanin mutum da ita, wato hankali, ita ce muke faɗa idan muna so a bi abu sannu-sannu. Hankali a hankali yake zuwa, kuma idan ya yi ciwo a hankali yake komowa. Wanda bai gane wannan ba zai doki yaro a kan abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta isa ɗauka ba, zai kuma ɗaure mara lafiya a kan ciwon da bai jawo wa kansa ba. Duka biyun suna faruwa a gidajenmu, shi ya sa muka ga ya wajaba mu tattauna su a wannan shafi.

YADDA HANKALIN YARO YAKE GIRMA

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jean Piaget, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya shafe shekaru masu yawa yana lura da yara, har da 'ya'yansa uku. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne amsoshin da yara suke bayarwa ba daidai ba, domin ya lura yara masu shekaru ɗaya sukan yi kuskure iri ɗaya. Daga nan ya gane cewa tunanin yaro yana da tsarinsa na kansa, kuma tsarin yana sakewa daga mataki zuwa mataki. Ya lissafa matakai huɗu.

Daga haihuwa zuwa wajen shekara 2, jariri da ido da hannu da baki yake sanin duniya. A watannin farko, in ka rufe abin wasansa da zane, ba zai neme shi ba. Sai can wajen wata 8 zai fara ɗaga zanen, domin ya soma gane abu yana nan ko da ido bai gan shi ba. Daga shekara 2 zuwa wajen 7, baki ya buɗe, amma ido yana rinjayar tunani. A zuba kunu daidai wa daida a kofuna biyu, sa'an nan a juye ɗaya cikin wani siririn kofi mai tsawo a gaban ɗan shekara 4. Zai nace cewa na dogon kofin ya fi yawa. A wannan mataki yaro bai gama raba mafarki da abin da ya faru a farke ba, kuma yakan ɗauka shi ne sanadin duk abin da ya auku a kewayensa. Daga wajen shekara 7 zuwa 11, ya iya lissafi da bin dalili, muddin abin yana gabansa yana gani. Daga wajen 11 ko 12 zuwa sama ne yake soma tunani a kan abin da ba a taɓawa, kamar adalci da gaskiya da ma'anar mutuwa.

Masanan da suka biyo baya sun gyara wasu abubuwa cikin aikin Piaget. Sun nuna cewa jarirai sun san fiye da yadda ya zata, kuma shekarun ba su zama ɗaya ga kowane yaro ba. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya jaddada cewa yaro ba ya hawa waɗannan matakai shi kaɗai: abin da ya iya yau da taimakon babba, shi ne zai iya gobe da kansa. Duk uwar da ta koya wa 'yarta tuƙin tuwo ta hanyar riƙe muciya tare da ita ta san gaskiyar wannan. Binciken ƙwaƙwalwa na zamaninmu kuma ya nuna cewa sashen gaba, wanda yake taimakon mutum ya auna ƙarshen al'amari ya kame kansa, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20 da 'yan kai. Saurayi ɗan shekara 16 yana iya kai tsawon ubansa, alhali ma'auninsa na ciki bai gama ƙeruwa ba.

ABIN DA IKKILISIYA TA DAƊE TANA KIYAYEWA

Uwarmu Ikkilisiya ba ta jira masana kafin ta san wannan ba. Manzo Bulus da kansa ya shaida wa Korantiyawa cewa maganarsa da tunaninsa na ƙuruciya dabam suke da na girmansa (1 Korantiyawa 13:11). A 1910, Paparoma Pius na 10 ya ba da umarni cewa a bar yara su karɓi Jikin Kristi tun suna wajen shekara 7, bai kuma nemi su san dukan koyarwar addini ba; ya isa su iya bambanta Gurasar Rai da gurasar yau da kullum. Dokokin Ikkilisiya na 1983 sun tabbatar da wannan ma'auni. Doka ta 97 ta ɗauki wanda bai cika shekara 7 ba a matsayin wanda bai mallaki kansa ba. Doka ta 913 ta ce a shirya yara su fahimci asirin Kristi gwargwadon ƙarfinsu. Doka ta 99 kuwa ta sa wanda ya rasa amfanin hankalinsa na dindindin a sahu ɗaya da ƙananan yara, wato ba a ɗora masa alhakin da ake ɗora wa mai cikakken hankali.

Iyaye da malaman katekizim, ga darasi a gare mu. Ɗan shekara 6 yana iya haddace amsar tambaya a kan Triniti Mai Tsarki daga farko har ƙarshe ba tare da ya gane ko kalma ɗaya ba, kuma bulala ba za ta buɗe abin da lokaci bai buɗe ba. A ba ƙarami labari da waƙa da hoto, a koya masa alamar gicciye da hannu. A ba na tsakiya misali daga gona da kasuwa da zaman gida. In matashi ya zo da tambaya mai wuya, ya ce don me Allah ya bar mugunta, kada mu ce ya lalace. Sabon ƙarfin tunaninsa yake gwadawa, kuma a Haikali ma tambayoyi Yesu yake yi wa malamai.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A wasu garuruwanmu akan tsare ƙaramin yaro a ce maye ne, a yi ta tsorata shi har ya amsa cewa shi ya kama kurwar wane, ko ya tashi da dare ya tafi taro. Yaron da bai gama raba mafarki da gaskiya ba, wanda kuma yake ɗauka duk masifar gida laifinsa ce, zai amsa kowace tambaya yadda manya suke so, musamman in ya ga sanda. Irin wannan amsa ba shaida ba ce. Duk Kiristan da ya sa hannu a azabtar da yaro saboda irin wannan zargi ya yi zunubi mai girma, ya kuma tuna da kashedin Ubangiji a kan masu sa ƙanana tuntuɓe (Matiyu 18:6).

Mu sani kuma hankali a cikin jiki yake zaune. Kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, su ne harsashin ƙwaƙwalwa. Yunwa a wannan lokaci, da rashin sinadarin aidin wanda yake kawo maƙoƙo, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, duk suna iya barin tabo. A 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara, ta kuma raunana ƙwaƙwalwar waɗansu da yawa. Saboda haka shayar da nono, da gishiri mai aidin, da gidan sauro, da allurar rigakafi, da yi wa jariri magana da wasa, duk hidima ce ga kyautar Allah. Yaron da ya yi jinkirin ganewa kuwa, kada a kira shi dolo a ture shi gefe. Baftismarsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa mai kaifin kai.

SA'AD DA HANKALI YA YI CIWO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon hankali ko na damuwa. In haka ne, babu bencin da za a cika a majami'armu ranar Lahadi ba tare da mai ɗauke da wannan kaya a kai ko a gida ba. Mun san matar da ta haihu ta daina barci, ta soma faɗin abin da ba a gane ba. Mun san wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa da mutane, ƙarar babur kawai takan sa jikinsa rawa. Mun san gwauruwar da ta rufe ƙofa ta daina cin abinci, da saurayin da ƙwaya ta juya wa kai, da mai farfaɗiyar da ake gudu, alhali farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa.

Bisharar Markus ta ba mu labarin mutumin ƙasar Garasinawa, wanda yake zaune a makabarta (Markus 5:1-20). Mutanen garinsa sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, ba su ga amfani ba. Bishara ta ce baƙin aljanu ne suka kama shi, Ikkilisiya kuma ba ta musun cewa Mugun yana nan yana aiki. Amma mu dubi hannun Yesu: bai ƙara masa sarƙa ba, bai kuwa doke shi ba. Ya yi magana da shi, mutane suka zo suka tarar da shi a zaune da tufa a jikinsa, hankalinsa ya komo, sa'an nan Ubangiji ya mai da shi gida wurin danginsa. In har wanda aljanu suka kama haka aka yi masa, ina hujjar ɗaure mara lafiya?

Katekizim, a lamba ta 1673, ya raba abubuwan nan biyu sarai. Ya koyar cewa ciwo, musamman ciwon hankali, al'amari ne dabam, kuma jinyarsa aikin ilimin likita ne. Kafin a yi addu'ar korar aljanu sai an tabbatar ba ciwo ba ne, kuma firist ba ya yin ta sai da izinin Bishop. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure da sarƙa a Nijeriya, a wuraren gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addu'a na Musulmi da na Kirista. Sunan Kristi yana cikin wannan abin kunya, don haka ya shafe mu. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin masu wannan ciwo. Doka tana kan takarda. Sai mu ne za mu kai ta cikin ɗakunan da aka kulle.

A 1996, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya gaban taron likitoci da masana a Batikan ya jaddada cewa mai ciwon hankali yana ɗauke da sura da kamannin Allah a kullum, kamar kowane ɗan Adam. Darajar mutum daga Mahaliccinsa take, kuma ciwo ba ya goge ta.

YADDA ALLAH YA YI JINYAR ANNABI ILIYA

Mu buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Annabi Iliya, bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel, ya gudu cikin jeji saboda barazanar Yezebel, ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ga babban annabi ya gaji da rayuwa. Yadda Allah ya bi da shi ya haska mana hanyoyin da masu jinyar hankali suke bi a yau.

Da fari Allah ya kula da jikinsa. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi har sau biyu ya ba shi gurasa da ruwa. Babu wa'azi, babu tsawa. Haka likitan ƙwaƙwalwa yakan fara da tambayar barci da abinci da zazzaɓi da abin da mutum yake sha. Tun 1952, lokacin da likitoci a birnin Faris suka fara amfani da maganin da yake kwantar da ruɗewar hankali mai tsanani, mutane da yawa da dā aka fid da rai da su sun koma gida da aiki. Magungunan nan suna bukatar haƙuri: na baƙin ciki mai tsanani sukan ɗauki makonni kafin a ga alama, wasu kuma akan sha su shekara da shekaru, kamar na hawan jini. Kada kowa ya ce wa mara lafiya ya zubar da maganinsa don nuna bangaskiya. Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita, domin Ubangiji ne ya yi shi, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Ya kuma haɗa addu'a da kiran likita a wuri ɗaya.

Na biyu, Allah ya saurare shi. A Dutsen Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage kukansa, ya sake tambayarsa, ya sake saurara. Jinya ta hanyar zance a kan wannan take tsaye. Sigmund Freud na birnin Biyana, wanda ya rasu a 1939, ya koyar cewa abin da mutum ya binne a zuciya tun ƙuruciya yana iya fitowa a matsayin ciwo, kuma faɗinsa yana kawo sauƙi. Freud ya ɗauki addini a matsayin ruɗin kai, Ikkilisiya kuwa ba ta yarda da shi a kan wannan ba. Amma a 1953 Paparoma Pius na 12 ya karɓi taron masu wannan sana'a a Roma, ya sa wa aikinsu albarka, muddin sun girmama lamirin mutum da dokar Allah. Daga baya Carl Rogers na Amurka ya nuna cewa mutum yakan soma warkewa in ya sami wanda zai saurare shi da gaskiya, ba tare da yanke masa hukunci ba. A hanyar Imuwasu ma, sai da Yesu ya bar almajiran nan biyu suka gama faɗin baƙin cikinsu kafin ya buɗe musu Littattafai (Luka 24:13-35).

Na uku, Allah ya gyara masa tunani. Iliya ya yi ta cewa shi kaɗai ya rage cikin masu aminci. Ubangiji ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Tun daga shekarun 1960, wani likita a Amurka mai suna Aaron Beck ya lura cewa masu baƙin ciki mai tsanani suna da tunani iri-iri da suke faɗo musu ba shiri: ba ni da amfani, kowa ya ƙi ni, gobe ba za ta yi kyau ba. Tunanin yakan haifi baƙin ciki, baƙin cikin ya sa mutum ya janye daga jama'a, janyewar kuma ta ƙara tabbatar masa da tunanin. Hanyar Beck ita ce a zauna da mara lafiya a kama tunanin ɗaya bayan ɗaya, a auna shi. Gwauruwar da ta ce ta zama kaya ga kowa, sai a tambaye ta: wa ya faɗa miki? Wa ya zo gaishe ki a makon nan? In ƙawarki ce take cikin halin nan, haka za ki ce mata? Sa'an nan a ba ta ɗan aiki, kamar zuwa taron Zumuntar Mata sau ɗaya, ta dawo ta faɗi abin da ta gani. Wannan hanya tana cikin waɗanda aka fi gwadawa aka ga amfaninsu a kan baƙin ciki da fargaba, sau da yawa cikin 'yan watanni. Manzo Bulus ya kira mu ga sabunta hankalinmu (Romawa 12:2). Ga wani fanni na wannan aiki a hannun masana.

Na huɗu, Allah ya ba shi aiki. Ya aike shi ya koma ya naɗa sarakuna da magajinsa. Viktor Frankl, likita Bayahude da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya gina jinyarsa a kan cewa mutum yana iya jure wahala mai yawa in ya san abin da yake rayuwa dominsa. Wanda yake murmurewa, a ba shi abin yi, ko sharar majami'a ce, ko kiwon 'yan awaki, domin zaman banza yana ciyar da ciwon.

Na biyar, Allah ya ba shi aboki, wato Elisha. Wannan fanni Ikkilisiya ta san shi tun da daɗewa. A garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda ake girmama Waliyiya Dimfna, mutanen gari sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar masu taɓin hankali a gidajensu, suna ci suna aiki tare; a shekarun 1930 baƙin sun haura 3,000, kuma al'adar tana nan har yau. Waliyyi Yohanna na Allah, wanda ya rasu a Granada a 1550, an taɓa kulle shi tare da masu taɓin hankali, ya sha bulalar da a lokacin ake ɗauka magani ce. Da ya fito sai ya buɗe gidan jinya inda ake kula da marasa lafiya da tausayi. A ƙasarmu, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke kwana a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. A Zimbabuwe kuma, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimakonsu warware matsala ɗaya bayan ɗaya, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna amfanin hakan. Wace majami'a ce a cikinmu ba ta da benci da tsofaffi masu hikima?

WURIN FADA DA WURIN LIKITA

Wani zai ce: tun da muna da Sakramentin Tuba, me za mu nema wurin mai jinyar hankali? Kowanne da aikinsa. A wurin Fada muna furta zunubi, Allah yana gafartawa. A wurin likita ana duba rauni, rauni kuwa ba zunubi ba ne. Da almajirai suka tambayi Yesu ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya kawar da zargin daga kansa da kan iyayensa (Yohanna 9:1-3). Katekizim, a lamba ta 1735, ya koyar cewa tsoro da matsalolin hankali suna iya rage alhakin mutum a kan abin da ya aikata, har su kawar da shi.

Wannan ya kai mu ga magana mafi zafi. Akwai gidajen da suka rasa ɗa ko 'ya ta hanyar kashe kai, suka haɗa makoki da kunya. Ikkilisiya tana koyar cewa rai na Allah ne, ba mu da ikon ɗauke shi. Amma a lamba ta 2282 da ta 2283, Katekizim ya ƙara da cewa ciwon hankali mai tsanani da azabar zuciya suna iya rage alhakin wanda ya yi haka, kada kuma mu fid da zuciya ga cetonsa, domin Ikkilisiya tana yi masa addu'a. In kuwa wani ya ce mana ya gaji da duniya, kada mu yi dariya, kada mu ce ya yi shiru. Mu tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Mu kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, kamar yadda Manzo Yakubu ya koya mana. In akwai wanda yake ɗaure a gidanmu ko a unguwarmu, mu sanar da Fada da shugabannin majami'a, a nemi ma'aikacin lafiya, a kwance shi a kai shi inda za a duba shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen wannan jinya a asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano. Kuɗin mota da na magani sukan gagari iyali. A nan ne Zumuntar Mata da ƙungiyar maza da ta Waliyyi Vincent de Paul za su nuna cewa mu jiki ɗaya ne. Mu hana 'ya'yanmu jifan mai taɓin hankali a kan hanya. Mu daina guje wa dukan zuriya a maganar aure don mutum ɗaya ya taɓa ciwo. In ya warke ya dawo, a mayar masa da wurinsa a ƙungiyar mawaƙa da kujerarsa a taron dangi. In ciwon ya sake tashi, a sake kai shi, gama mai jinya ba ya ƙirga sawu.

Ku kuma da kuke jinyar irin waɗannan a ɓoye shekara da shekaru, uwaye da mata da mazaje, Ikkilisiya ta san gajiyarku. Ku fito ku faɗa, ku bar 'yan'uwa su karɓe ku ko na yini ɗaya. Kai kuma da kake ɗauke da wannan ciwo kana karanta wannan shafi, ka sani Allah bai yashe ka ba, kuma zuwa asibiti bai rage ko ƙwayar zarra daga bangaskiyarka ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu Kristi, kai da ka yarda ka yi girma cikin hikima a gidan Nazarat, ka ba iyaye da malamai haƙurin jiran 'ya'yansu. Ka dubi waɗanda hankalinsu ya raunana, ka kwance waɗanda aka ɗaure, ka sa albarka ga hannun likitoci da kunnen masu saurara. Ka mai da majami'unmu gidajen da mara lafiya zai shiga ba tare da kunya ba. Maryamu, Lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominmu. Waliyiya Dimfna da Waliyyi Yohanna na Allah, ku yi addu'a dominmu. Amin.